Baƙin mai da ƙurar hunturu: Abin da ke cinye sarƙar keke mai giya

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, har kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da naira 500 cikin 'yan kwanaki, keke ya dawo da martabarsa a garuruwanmu. Malamin makarantar da ya jingine babur ɗinsa, da ɗalibin da kuɗin A Daidaita Sahu ya gagara, da ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, duk sun koma taka feda. Sai dai keken da ya dawo ba Rale ko Fonis na iyayenmu ba ne. Mafi yawan abin da ake gani yanzu a kan titi shi ne keke mai giya, mai kaurin taya da miƙaƙƙen kai, wanda Turawa suka ƙera domin hawan dutse, ya kuma shigo mana ko dai sabo daga ƙasar Sin ko kuma na gwanjo daga Turai da Japan.

Da wannan keke wani sabon kuka ya shigo. Duk wanda ya zauna rumfar mai gyaran keke na ɗan lokaci zai ji shi: an sa sabuwar sarƙa ba a yi wata uku ba ta fara ƙara, an taka da ƙarfi a hawa sai sarƙa ta tsallake haƙori, ƙafa ta zame, mahayi ya kusa kifawa, an canja haƙoran baya watan jiya, ga su yau sun koɗe kamar sun shekara biyar. Mai keke ya ɗora laifi a kan mai gyara, mai gyara ya ɗora a kan mai sayar da kaya, shi kuma ya ce ai kayan zamani ne ba su da ƙarko. Kowannensu yana da ɗan kason gaskiyarsa, domin jabun kaya sun cika kasuwa. Amma babban mai laifin yana nan cikin wata tsohuwar robar ruwa da ke rataye a kusan kowace rumfar gyara, wato baƙin man da aka juye daga injin mota ko janareta, wanda ake tsiyaya wa sarƙa da sunan kyautatawa. Idan wannan mai ya gamu da ƙurar ƙasarmu, abin da yake yi wa sarƙa ya fi kusa da aikin dutsen wasa wuƙa.

A lokacin da darajar naira ta faɗi, kuma kowane ƙarfen keke daga waje ake shigo da shi, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wanda keken ne ƙafarsa ta zuwa neman abinci.

Keken da aka haifa a kan dutse

Keken hawan dutse ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya da ke Amurka, a shekarun 1970, inda wasu matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga tsaunuka. A shekarar 1976 suka fara wata tsere a wata gangara kusa da garin Fairfax, wadda suka sa wa suna Repack, ma'ana sake cusa giris. Dalilin sunan kuwa shi ne, birkin kekunan nasu a cikin cibiyar tayar baya yake, kuma kafin a kai ƙasan gangarar zafi ya ƙone giris ɗin da ke ciki, dole sai an kwance an sake cusa wani. Ashe ke nan tun ranar gini aka yi zane: keken nan da matsalar mai aka haife shi. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa, daga nan keken ya bazu a duniya.

Bambancinsa da keken da muka gada a fili yake. Rale da Fonis giya ɗaya gare su, sarƙarsu mai kauri ce, tana tafiya a miƙe daga farantin gaba zuwa haƙoran baya ba tare da karkata ba. Da yawansu kuma suna da murfin ƙarfe da ya lulluɓe sarƙar, wasu ma ruf, ta yadda ƙura ba ta samun ta sosai. A irin wannan keke, ko wane irin mai aka ɗiga zai daɗe yana aiki, kuma a nan ne al'adar zuba baƙin mai ta kafu ba tare da an ga illarta da wuri ba.

Keke mai giya kuwa sarƙarsa tsirara take, tana rataye dab da ƙasa, tayar gaba tana watsa mata duk abin da ta taka. Siririya ce kuma, domin dole ta ratsa tsakanin jerin haƙoran da aka cusa a ɗan ƙaramin wuri. Sarƙar keke mai haƙora jeri takwas a baya faɗinta ya ɗan haura milimita 7, ta mai jeri 12, irin wadda kamfanin SRAM ya fito da ita a 2016, ba ta wuce milimita 5 da 'yan kai ba. Mun karɓi sabon keke, amma mun riƙe tsohuwar hanyar kula da shi.

Sarƙa ba ta miƙewa, cinyewa take yi

Masu keke sukan ce sarƙa ta miƙe ko ta saki, kamar dai igiya ce da aka ja ta ƙara tsawo. Ƙarfen sarƙa ba ya miƙewa da ƙarfin ƙafar ɗan Adam. Abin da ke faruwa a ciki yake, inda ido ba ya gani.

Sarƙar keke, wadda tsarinta ya samo tushe daga wadda Hans Renold ya ƙirƙiro a birnin Manchester na Ingila a 1880, tana da gaɓoɓi fiye da ɗari. A kowace gaɓa akwai fallayen ƙarfe biyu na waje da biyu na ciki, da 'yar ƙusa da ta ratsa su ta haɗe, da kuma ɗan zobe mai juyawa wanda shi ne yake zama a tsakanin haƙora. Daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ta gaba da ita rabin inci ne cif, wato milimita 12.7, kuma a kan wannan awo aka yanka haƙoran kowane keke. Duk lokacin da gaɓa ta hau faranti ko ta sauka daga kansa sai ta lanƙwasa, ƙusa ta goga jikin fallen ciki alhali nauyin takun mahayi yana kanta. A tafiyar awa guda, kowace gaɓa tana yin wannan lanƙwasa sau dubbai. Sannu a hankali ƙusar tana sirancewa, ramin da take ciki yana faɗaɗa, sai tazarar da ke tsakanin ƙusoshi ta ƙaru. Wannan ƙaruwa ita ce ake kira miƙewa.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar cin da ake magana a kai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce cewa sarƙar keke mai jeri 11 ko 12 ta gama aiki idan tsawonta ya ƙaru da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ta mai jeri goma zuwa ƙasa kuma idan ta kai kashi 0.75 cikin ɗari. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari na rabin inci bai wuce kaurin silin gashi ba a kowace gaɓa. Sarƙar da ta kai wannan matsayi tana nan tana sheƙi, ba ta tsinke ba, ba ta yi tsatsa ba, mai ita zai rantse lafiyarta ƙalau. Amma ta riga ta fara ɓarna.

Yadda sarƙa ke jan haƙora zuwa halaka

Jerin haƙoran da ke tayar baya iri biyu ne. Akwai wanda masu gyara ke kira firiwil, wanda ake murɗa shi a jikin cibiyar taya kamar noti, kuma shi aka fi samu a kekuna masu araha masu jeri biyar zuwa bakwai. Akwai kuma wanda ake kira kaset, ba na rediyo ba, wanda ake zura shi a kan wani bututu mai tsaga-tsaga a ɗaure da zobe, kuma shi ne a kan mafi yawan kekuna masu jeri takwas zuwa sama. Ko wanne ne, cutar da ke kashe su ɗaya ce.

Idan sarƙa sabuwa ce, zobbanta suna zama daidai a gindin haƙora, nauyin taku ya rarrabu a kan haƙora da dama. Idan tazararta ta ƙaru, sai ta daina zama daidai. Zobban su riƙa hawa can saman haƙori, nauyin duka ya taru a kan haƙori ɗaya ko biyu, kowane zobe kuma yana gurzar gefen haƙorin kafin ya rabu da shi. Da haka sarƙar take sassaƙa haƙora su dace da nata gurɓataccen awo, su yi tsini ko su lanƙwashe kamar ƙugiya. Tsohuwar sarƙa da tsofaffin haƙora sukan ci gaba da tafiya tare na wani lokaci, domin tare suka lalace. Ranar da aka sa sabuwar sarƙa, ranar asiri ke tonuwa: ba ta samun wurin zama, da an taka da ƙarfi sai ta tsallake. A nan ne mai keke yake zargin cewa an sa masa jabu, alhali sarƙar lafiyarta lau, haƙoran ne suka riga suka mutu.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi ciwo. Mutum ya sayi sabon kaset da tsada, ya ce tsohuwar sarƙar ai ba ta tsinke ba, a mayar da ita. Cikin 'yan makonni za ta sassaƙe sabon kamar yadda ta yi wa na farko. Wannan ne ya sa masu sayen keken gwanjo suke yawan shiga tarko. Keken ya riga ya yi dubban kilomitoci a ƙasar da ya fito, an wanke shi an goge yana ƙyalli a kasuwa, mai saye ya duba fenti da taya da birki, amma bai auna sarƙa ba. Kallon kitse ya yi wa rogo.

Lissafin a sauƙaƙe yake. Sarƙa ita ce mafi araha a cikin kayan nan uku, wato ita da kaset da farantin gaba. Ƙwararrun masu gyara suna ƙiyasta cewa wanda yake canja sarƙa a kan kari zai iya cinye sarƙa biyu ko uku a kan kaset ɗaya. Wanda ya bari sai ta fara tsallake kuwa, ukun zai saya a rana ɗaya.

Inda ƙura ta gamu da baƙin mai

Me ya sa sarƙar da ya kamata ta yi dubban kilomitoci take ƙarewa a 'yan ɗaruruwa? Amsar tana cikin iskar da muke shaƙa. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. A kan wannan ga rairayin unguwanninmu da jar ƙasar hanyoyin karkara. Ƙwayar yashi ta fi mafi yawan ƙarafa tauri, shi ya sa ake yin takardar goge katako da ƙarfe da irinta. Ƙura busasshiya idan ta sauka a kan busasshen ƙarfe, iska ma tana iya kaɗe ta. Idan ta sauka a kan mai kuwa ta samu gida.

Man da aka malala a bayan sarƙa ba ya amfanar ta da komai, domin gogayyar a ciki take, tsakanin ƙusa da falle da zobe. Abin da man waje yake yi kawai shi ne kama ƙura. Da sarƙa ta ci gaba da lanƙwasa, sai man ya riƙa shiga yana fita, yana jan ƙwayoyin yashi zuwa cikin gaɓa. Wannan baƙin kwaɓin da ke ɓata ƙafar wando, haɗin mai ne da yashi da garin ƙarfen da sarƙar ta riga ta zubar. Duk bakaniken da ya taɓa wasa bawul ɗin inji ya san irin wannan kwaɓi, domin da gangan ake haɗa mai da gari mai kaifi a ci ƙarfe da shi. Mai keken da yake ƙara mai a kan dattin jiya kullum safiya, wasa sarƙarsa yake yi da hannunsa. Garin neman gira ake rasa ido.

Baƙin mai ya fi kowanne muni saboda da dattinsa yake zuwa. An juye shi daga inji ne domin ya gama aiki, yana ɗauke da baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe da ragowar abin da ya ƙone. Ban da cutar da sarƙa, masana lafiya sun daɗe suna gargaɗi a kan yawan taɓa shi da fatar hannu, abin da ya kamata iyayen yaran da ke koyon gyara su sani. Giris kuma kaurinsa ba ya barin sa ya ratsa cikin gaɓa, sai ya tsaya a waje ya zama tarkon ƙura. Man gyaɗa da manja, waɗanda wasu ke ɗigawa idan sun rasa abin yi, suna daskarewa su yi danƙo idan sun sha iska da rana. Shi kuma man feshin nan na gwangwani, WD-40 na asali, yana da kyau wajen kwance tsatsa da korar ruwa, amma siriri ne ƙwarai, ba ya daɗewa a gaɓar da ke ɗaukar nauyi.

Kada a fahimci wannan da cewa a bar sarƙa a bushe. Sarƙar da ke kuka kamar ɓera ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma da damina tsatsa za ta gama da ita cikin kwanaki. Abin da ake nema shi ne mai a ciki, bushewa a waje.

Wane mai, kuma ta yaya?

Masu ƙera man sarƙa sun kasa shi gida biyu. Akwai na damina, mai ɗan kauri da danƙo, wanda ruwa da taɓo ba sa wanke shi da wuri, amma yana kama ƙura. Akwai na rani, wanda yake shiga a ruwa-ruwa, sannan ruwan ya bushe ya bar wani siririn rufi marar danƙo. Ga mazaunin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda rani ya fi damina tsawo nesa ba kusa ba, na rani ne ya dace da mafi yawan watannin shekara. Wanda bai samu ko ɗaya ba, sabon mai mai tsabta marar kauri, ko da na keken ɗinki ne, ya fi baƙin mai sau ɗari, in dai zai jure yawan sabuntawa.

Sai dai yadda ake sa man ya fi irin man muhimmanci. A fara da goge sarƙa da busasshen tsumma, ana riƙe da ita ana juya feda baya. Idan dattin ya yi yawa, a wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a kankare kwaɓin da ya taru a tsakanin haƙora da kan 'yan ƙananan tayoyin nan biyu na abin sauya giya, a bar ta ta bushe sarai. Fetur yana wankewa, amma haɗarin gobararsa ya fi amfaninsa. Bayan ta bushe, a ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ta gefen da ke taɓa haƙora, a juya feda baya na ɗan lokaci domin ya ratsa. Sannan a bar shi ya zauna, in da hali ya kwana. Mataki na ƙarshe shi ne wanda kowa ke tsallakewa, kuma shi ne mafi girma: a sa tsumma mai tsabta a goge duk man da ke waje har sai sarƙar ta kusa daina ɓata yatsa. A kula kada ɗigo ko ɗaya ya taɓa farantin birki ko bakin gargaren da birki ke kamawa, domin birkin da ya sha mai ba ya tsayar da keke.

Wanki ma yana da nasa ladabin. Kai keke wurin wankin mota a sa masa ruwan inji mai ƙarfi yana fitar da man da ke cikin gaɓa, ya tura ruwa da yashi su maye gurbinsa. Bokiti da soso sun wadatar.

Akwai kuma wata tsohuwar dabara da ta dawo da ƙarfi a tsakanin masu tseren keke a 'yan shekarun nan, wadda kamar domin ƙasarmu aka yi ta: dafa sarƙa a cikin kakin da ake yin farin kyandir da shi. Ana cire sarƙar a wanke ta tas har babu ɗigon mai a jikinta, domin kaki ba ya kama ƙarfe mai maiƙo. Sai a narkar da kakin, a tsoma ta a ciki ana motsawa har ya ratsa gaɓoɓi, a ciro a rataye ta huce, a lanƙwasa gaɓoɓin su saki, a mayar. Kakin yana daskarewa a ciki, waje kuma ya bushe ƙamas, ƙura ba ta samun abin kamawa, wando ma ya huta. A lokacin rani tsomawa ɗaya takan kai mutum 'yan ɗaruruwan kilomita. Rauninsa shi ne ruwa: bayan tafiya cikin ruwan sama dole a busar da sarƙa a sake tsomawa, in ba haka ba tsatsa ta kama. Kaki kuma yana kama wuta idan ya yi zafi da yawa, saboda haka a narkar da shi a cikin gwangwanin da aka ɗora a tukunyar ruwan zafi, ba a kan harshen wuta kai tsaye ba, kuma nesa da yara.

Laifin ƙafa da na hannu

Ba mai kaɗai ke da laifi ba, yadda ake tuƙin ma yana da nasa kaso. Da yawa daga cikin masu keke mai giya a garuruwanmu ba sa sauya giya ko kaɗan. Sarƙa tana kan mafi ƙanƙantar haƙoran baya tun ranar da aka sayi keken, da shi ake tashi, da shi ake hawa gada, da shi ake ɗaukar buhu. Wannan ɗan faranti sau da yawa haƙora 11 ne ko 14 kacal gare shi, kuma kusan rabinsu ne kawai ke riƙe da sarƙa a lokaci guda. Idan farantin gaba yana da haƙora 44, na baya kuma 11, to duk zagaye ɗaya na feda sai ƙaramin ya juya sau huɗu. Ga shi kuma sarƙa tana yin lanƙwasa mai tsanani a kansa fiye da a kan babba. Shi ya sa za a ga kaset ɗin da jerinsa shida suke sababbi fil, ɗaya ya koɗe, kuma saboda wannan ɗayan a jefar da duka. Giya an yi ta ne domin a yi amfani da ita: mai sauƙi wajen tashi da hawa, mai nauyi idan hanya ta miƙe. Gwiwar mahayi ma za ta gode.

Haka nan haɗa babban farantin gaba da babban na baya, ko ƙarami da ƙarami, yana sa sarƙa tafiya a karkace tana cin gefenta. Sauya giya a daidai lokacin da aka danna feda da dukkan ƙarfi kuma yana lanƙwasa haƙora, wani lokaci ya tsinke sarƙar. A sassauta ƙafa kaɗan, a sauya, sannan a ci gaba.

Awon da ba ya cin ko kwabo

Duk wannan bayani zai tashi a banza idan babu hanyar sanin ranar da sarƙa ta gama aiki. Hanyar kuwa tana hannun kowane kafinta. A samu tef ɗin awo na ƙarfe, a ja sarƙa ta miƙe, a ɗora farkon awon a tsakiyar wata ƙusa. A sabuwar sarƙa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar, bayan an ƙirga tazara 24. Idan ƙusar ta wuce alamar da kashi ɗaya cikin 16 na inci, wato kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canja sarƙa ya yi, kuma akwai kyakkyawan zaton haƙora sun tsira. Idan ta wuce da kashi ɗaya cikin takwas, to an makara, mai yiwuwa sai an haɗa da kaset. Akwai kuma wani ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa domin wannan aiki kaɗai, wanda ake zura shi tsakanin gaɓoɓi ya ba da amsa nan take. Awo sau ɗaya a wata ya ishi mai hawa kullum.

Wajen saye kuma a tabbatar sarƙar ta dace da yawan jerin haƙoran keken, domin ta jeri bakwai ba ta aiki a kan jeri goma. Sunayen manyan kamfanoni irin su Shimano da KMC da SRAM suna cikin waɗanda masu jabu suka fi kwaikwayo, saboda haka kwalin da aka rubuta babban suna amma kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai abin tuhuma ne. Araha ba ta ado.

Kira na musamman ga masu gyaran keke da shugabannin ƙungiyoyinsu. Wani zai ga kamar lalacewar kaya da wuri ciniki ne a gare shi, amma ribar kaset mai shago ne ke cin ta, mai gyara kuwa zargi kawai yake kwasa. Wanda ya ajiye ƙarfen awo a rumfarsa, ya sauke robar baƙin mai, ya koyi wanke sarƙa da dafa ta a kaki a kan ɗan kuɗi kaɗan, ya buɗe wa kansa sabuwar hanyar samu, ya kuma sayi amanar da za ta riƙa dawo masa da mutane. Yaran da ke koyon sana'ar a hannunsu su ne za su riƙe ta gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukumomin da ke shirya hawan keke na gangami duk ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya, za su fi amfanar talaka idan suka ware wani ɓangare na ranar domin horar da masu gyara a kan irin waɗannan abubuwa, maimakon a tsaya ga ɗaukar hoto da rabon riguna.

Shi kuma mai keke, abin da ake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba: tsumma a ƙarƙashin sirdi, minti biyu na goge sarƙa bayan an dawo gida, ɗigon mai mai tsabta idan ta fara kuka, da awo idan wata ya kama. Wanda ya gudu daga tsadar fetur ya koma keke, bai kamata abin da ya tara ya ƙare a shagon kayan gyara ba.